Ƙwaya da tsayuwar mutum: yadda ake auna tangaɗi, da abin da ya shafe mu a ciki

(Jawabin da ɗaya daga cikin ƴan ƙungiyarmu ya gabatar a zaman tattaunawa da matasa. Mun kawo shi kamar yadda aka faɗe shi, sai ɗan gyara kaɗan.)

Iyayenmu da malamanmu da ke zaune nan gaba, ina gaishe ku da girmamawa. Ƴan uwana samari da ƴan mata, ƴan fada, da ƴan kabu-kabu da suka ajiye moto suka shigo, sannunku da zuwa. Na san awa guda da kuka ba mu kuɗi ce kuka bari, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Kafin in ce komai, ina roƙon duk mai lafiyar ƙafa ya miƙe tsaye. Ku haɗa ƙafafunku wuri guda, hannuwa a gefe. To, ku rufe ido. Ni zan duba agogo, daƙiƙa talatin kawai.

Madalla, ku buɗe, ku zauna. Wa ya ji jikinsa yana ɗan zuwa gaba yana dawowa? Kusan kowa. Wasu ma na ga yatsun ƙafarsu suna kama takalmi. Kada kowa ya tsorata, haka Allah ya yi mu, babu ɗan Adam da ke tsayawa cak kamar turke. Wannan ɗan rangajin da kuka ji, shi ne batunmu na yau, domin ana iya auna shi har da milimita, kuma ƙwaya tana canza shi tun kafin mai shan ta ya sani.

Abin da ya sa na ɗauko maganar nan, ƙanena ne, ɗan kawuna. Leburan gini ne, yaro mai zuciyar nema. Kullum da safe sai ya jefa tiramol cikin kofi kafin ya fita, ya ce ita ke ba shi ƙarfin ɗaukar bulo har la'asar. Na yi faɗa, na yi nasiha, amsarsa guda ce: "Yaya, ni fa ba ta bugar da ni, garau nake jin kaina." Ranar da abin ya faru, yana kan katako a hawa na biyu, bokitin siminti a kansa, ya juya zai miƙa wa magini, ƙafa ta kuskure katakon. Ya karye a ƙugu, wata huɗu yana kwance, har yau da ɗingishi yake tafiya. Da na same shi a asibiti, abin da ya fara ce mini shi ne: "Wallahi yaya ban ji jiri ba, ban ji komai ba."

Na yarda da shi, ba ƙarya ya yi ba. Kuma nan matsalar take. Abin da mutum ke ji a ransa daban, abin da jikinsa ke yi daban. Mun daɗe muna wa'azi, hukuma ta daɗe tana kamawa, kowace 26 ga Yuni ana jawabai a kan miyagun ƙwayoyi, amma yaro yana ce maka shi lafiya lau yake, kai kuma ba ka da abin nuna masa sai baki. Shi ya sa na koma na karanta yadda masana ke auna abin, don mu samu hujjar da ta wuce "na ce, ka ce".

Mu fara da yadda mutum ke tsayuwa. Ku ɗauki taɓarya ku tsayar da ita a tafin hannu. Ba za ta tsaya ba sai kuna motsa hannun kullum kuna gyarawa. Haka jikinmu yake, nauyi a sama, tafin ƙafa ɗan ƙarami a ƙasa. Mutum a tsaye kullum cikin shirin faɗuwa yake, ƙwaƙwalwa ce ke tare shi, tana gyarawa ba dare ba rana ba tare da ya sani ba.

Masu kai mata labari uku ne. Na farko ido, yana gaya mata inda bango yake da inda ƙasa take. Na biyu can cikin kunne: akwai wasu ƴan bututu uku masu lanƙwasa a kowane kunne, cike da ruwa, idan ka juya kai ruwan ya motsa ya taɓa wasu ƴan gashi masu laushi, su aika saƙo. Kusa da su akwai ƴan jakunkuna biyu masu ƙananan tsakuwa kamar garin alli, su ke faɗin ina ne sama ina ne ƙasa. Na uku su ne jijiyoyin tafin ƙafa da idon sawu da gaɓoɓi, masu faɗin inda nauyi ya karkata. Duk labarin nan yana taruwa a ƙwaƙwalwa, musamman ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya, ita ce ke haɗa lissafi ta ba tsoka umarni. Yarinyar da ke ɗauko bokitin ruwa daga famfo ba ta zubar ba, aikin nan ne take yi, kuma ta ƙware a kai.

Ƙwaya tana iya shiga ta kowace ƙofa. Wata ta ɓata labarin kunne, wata ta rage saurin ƙwaƙwalwa, wata ta saki tsoka. Gyaran da ya kamata a yi nan take sai ya makara kaɗan. A kan tabarmar fada wannan makarar ba komai ba ce. A kan katakon gini, ko bakin rijiya, ko kan moto da mace mai goyo a baya, ita ce tsakanin rai da mutuwa.

To, yaya ake aunawa?

Abin da kuka yi ɗazu yana da suna, gwajin Romberg. Wani likitan jijiyoyi ne na birnin Balin a Jamus, Moritz Romberg, ya bayyana shi a shekarun 1840. Hikimarsa mai sauƙi ce: idan ka rufe ido ka sallami mai kawo labari guda, saura biyu. In su biyun lafiya suke, za ka tsaya. In ɗaya ya samu matsala, sai tangaɗi ya fito fili. Har gobe likitoci suna yin sa a asibitocinmu, ba ya bukatar wuta ko na'ura.

Amma ido ba ya ba da lamba. A 1971 wani likita ɗan Ingila mai suna Wright ya fito da wata ƴar na'ura: a ɗaura wa mutum zare a ƙugu, ɗaya bakin zaren yana jikin na'urar, duk motsin da ya yi gaba ko baya ta ƙirga ta tara. A birnin Laidin na ƙasar Holan akwai cibiyar gwajin magunguna a jikin ɗan Adam da har yanzu take aiki da irin wannan dabara: mutum ya tsaya minti biyu ido rufe, a rubuta milimita nawa jikinsa ya yi yawo.

Sai kuma farantin awo. Kamar sikelin da ake hawa a asibiti yake, amma yana da ma'auni a kowace kusurwa, kuma an haɗa shi da kwamfuta. Kana tsaye, yana duba inda nauyinka ya taru a ƙarƙashin ƙafa, sau da dama cikin kowace daƙiƙa, yana zanawa. Zanen yakan fito kamar zaren da ya cukurkuɗe. Na mai lafiya ɗan dunƙule ne ƙarami. Na wanda ya sha maganin barci ya fi faɗi, zaren ya fi tsawo. Abu biyu ake yawan aunawa: tsawon hanyar da nauyin ya bi, da faɗin filin da ya zagaye.

A Amurka wani masani, Lewis Nashner, ya ƙara wa abin wayo. Ya yi na'urar da farantin ke iya karkata tare da kai, bangon da kake kallo shi ma yana bin motsinka, wato ana yi wa ƙafa da ido ƙarya da gangan. Yanayi shida ake gwadawa, kowane na daƙiƙa 20, don a gane wanne daga cikin masu kawo labarin nan uku ne ya gaza. Hukumar NASA ta yi amfani da irin wannan gwaji a kan ƴan sama jannati bayan sun dawo duniya.

Yadda ake gwada magani kuwa, akwai tsari. A auna mutum kafin ya sha komai, wannan ne ma'auninsa na asali. Wata rana a ba shi maganin gaske, wata rana a ba shi ƙwayar da babu komai cikinta, kuma shi da mai aunawar duk ba su san wacce ce wacce ba, don kada zato ya shiga. Sai a dinga aunawa bayan awa guda, awa biyu, awa huɗu, har washegari, ana ɗibar jini ana duba yawan maganin. Sannan a tambaye shi: yaya kake jin kanka? A ajiye amsarsa gefe guda, lambar na'ura gefe guda.

Akwai kuma gwajin bakin hanya da ƴan sandan Amurka ke yi, wanda aka tsara tun ƙarshen shekarun 1970. Kala uku ne. Ka bi alƙalami da ido ba tare da juya kai ba, a duba ko ƙwayar idon tana fizga. Ka yi taku tara a kan layi, diddige na taɓa yatsa, ka juyo ka yi tara. Ka ɗaga ƙafa ɗaya kamar santimita 15 daga ƙasa, kana ƙirga, har daƙiƙa 30. Dabarar ita ce a sa ka yin abu biyu lokaci guda, tsayuwa da tunani, domin wanda ya sha abu yakan iya ɗaya amma biyun su gagare shi. Tuƙin moto a cikin kasuwa kuwa abu biyar ne lokaci guda.

Me awon ya nuna?

Giya ita aka fi sani. Tana danne ƙaramar ƙwaƙwalwa, kuma tana shiga cikin kunne ta canza nauyin ɗan abin da ke toshe bututun nan, ya fi ruwan da ke kewaye da shi sauƙi. Shi ya sa mashayi in ya kwanta sai ya ga ɗaki yana juyawa. Kunnensa ne ke kawo labarin ƙarya.

Magungunan barci da na kwantar da hankali, irin su diyazefam da wanda yara ke kira rochi, suna ƙara wa birkin ƙwaƙwalwa ƙarfi, kuma suna cikin waɗanda suka fi ƙara tangaɗi a kan faranti. Abin lura a nan shi ne daɗewa. Diyazefam yana ɗaukar kwana ɗaya zuwa biyu kafin rabinsa ya bar jiki, abin da hanta ke juya shi ya zama ma ya fi haka daɗewa. Wanda ya sha jiya da dare ya hau moto yau da safe, da saura a jikinsa. Kuma masu bincike sun sha ganin mutum ya ce barcin ya sake shi, alhali lambar na'ura ba ta koma daidai ba. Maganar ƙanena ke nan, "garau nake".

Haɗi ya fi komai muni. Diyazefam da giya, ko tiramol da sirop mai kodin, ko a zuba biyu uku cikin lemo guda. Kowanne yana danna birki ta gefensa, su taru a kan mutum ɗaya.

Tiramol fa? Magani ne na gaske, na ciwo mai tsanani, kamfanin Grünenthal na Jamus ya fito da shi kasuwa a 1977. Ƙwayar asibiti yawanci miligiram 50 ce, kuma iyakar abin da aka yarda babba ya sha a yini shi ne miligiram 400. Wadda ake sayarwa a tebur da tasha kuwa akwai mai 120, mai 200, mai 225, har mai 250. Ku yi lissafi: guda biyu na 225 sun kai 450, an riga an wuce iyaka tun kafin azahar. Jiri yana cikin illolinsa da suka fi yawa, yana samun fiye da mutum ɗaya cikin goma ko a ma'aunin likita. In an zarce, yana kawo farfaɗiya, kuma da yawanmu mun ga yaro ya faɗi yana shure-shure a bakin titi. Sannan tiramol ba ya ƙara ƙarfi, ciwo da gajiya yake ɓoyewa. Tsokar da ta gaji tana nan a gajiye, rashin barci yana nan, kuma su biyun kowanne yana ƙara tangaɗi. An dai kashe ƙararrawar da ke ce maka ka sauka ka huta.

Kasuwar kuma tana canza riga. Bayan Indiya ta tsaurara doka a kan tiramol a 2018, sai wasu ƙwayoyi suka cika Afirka ta Yamma, irin su Tafrodol, masu haɗin tafentadol da karisofurodol. Na farkon dangin tiramol ne amma ya fi shi ƙarfi, na biyun maganin sakin tsoka ne wanda Tarayyar Turai ta dakatar da sayar da shi. A watan Fabrairun 2025, bayan binciken da BBC ta yi, Indiya ta haramta haɗin. Ku duba fa, maganin sakin tsoka, a jikin mutumin da rayuwarsa ta rataya a kan tsokar ƙafarsa.

Kada mu ɗauka maganar ta ƴan ƙwaya ce kaɗai. Duk wanda aka taɓa yi wa ƙarin ruwa da kinin ya san ƙarar kunne da juwar da ke biyo baya. Allurar jentamisin, in an yi ta barkatai, tana iya kashe ƴan gashin nan na cikin kunne, kuma ba sa sake tsirowa. Maganin mura mai sa barci, wasu magungunan farfaɗiya, da na hawan jini da ke sa mutum ganin duhu in ya miƙe da sauri, duk suna taɓa tsayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 684,000 ke mutuwa kowace shekara sanadin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki, kuma waɗanda suka haura shekara 60 sun fi yawa a ciki. Kakarka da ta faɗi a banɗaki da asuba, ka taɓa duba ledar magungunanta? Ban ce kowa ya daina maganin da likita ya rubuta masa ba, musamman na farfaɗiya da hawan jini, barinsu kai tsaye haɗari ne. Na ce a koma a tambaya.

Ga wani abu da da yawanmu muke gani ba mu karantawa. Kwalayen magani da ake kawowa daga Faransa suna da ƴar alama mai kusurwa uku da hoton mota a ciki. Rawaya mataki na 1, a yi hattara. Ruwan lemo mataki na 2, kada a yi tuƙi sai an tambayi ma'aikacin lafiya, kuma tiramol nan yake. Ja mataki na 3, kada a yi tuƙi sam. Maganin tebur da ake sayarwa ƙwaya ɗai-ɗai cikin leda ba shi da kwali, balle alama.

Yanzu sai in ja kunnenmu, domin na san halinmu. Kada wani ya fita nan ya tare yaro a unguwa ya ce tsaya da ƙafa ɗaya, in ya yi layi a hau shi da duka ko a ɗauke shi a waya a watsa. Gwajin nan ba ya faɗin abin da mutum ya sha, ba ya ma faɗin ko ya sha wani abu. Mai ciwon suga da jijiyoyin ƙafarsa suka mutu zai yi tangaɗi. Mai ciwon kunne zai yi, wanda shan inna ta taɓa zai yi, mai yunwa zai yi. Wanda shanyewar ɓarin jiki ke kamawa a wannan lokacin zai yi, shi kuwa asibiti yake bukata cikin gaggawa. A ɗaya gefen, wani zai sha ƙwaya ya ci gwajin, domin gwajin bakin hanya don giya aka tsara shi tun farko, bai kai haka kaifi a kan sauran ƙwayoyi ba. Awo mai amfani shi ne wanda ke kwatanta mutum da kansa: yadda kake da safe ba ka sha komai ba, da yadda kake bayan ka sha.

To, me muke nema?

Daga kanmu tukuna. Kowace fada tana da waya mai agogo. Wanda ke cewa ba ta bugar da shi, a ce masa cikin mutunci: zo mu gwada. Tsayuwa da ƙafa ɗaya, ido rufe, kusa da bango, aboki a gefe don tarewa, a gwada sau uku a rubuta. A yi ranar da bai sha ba, a sake a ranar da shi da kansa ya ce ya sha. Ba a ba kowa ƙwaya don gwaji, wannan haramun ne kuma ganganci ne. In lambar ta faɗi, ya gani da idonsa. In ba ta faɗi ba, a gaya masa gaskiya cewa agogon waya ba ya ganin komai da komai, kuma farfaɗiya ba ta yin sallama. Ga tsofaffinmu kuma akwai gwaji mai sauƙi: ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna. In ya kai daƙiƙa 12 ko fiye, a kai shi a duba shi, a tafi da duk magungunansa.

Ga ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu da shugabannin magina: ku ne kuka san yaranku. Yaro ba ya shan tiramol don marmari kawai, yana sha ne don a ce ya kawo wa mai moto kuɗin yini ko ana ruwa ko ana rana, ko don a biya shi da yawan bulon da ya ɗauka. In ba a taɓa wannan ba, wa'azi ba zai yi nisa ba. A sa lokacin hutu, a sa dokar cewa wanda ya kwana bai yi barci ba ba ya hawa sama.

Ga masu farmasi da ma'aikatan lafiya: jumla ɗaya da Hausa ko Zabarmanci lokacin miƙa magani, "wannan yana sa jiri, kada ka hau moto", ba ta cin ko dala.

Ga jami'o'inmu, Abdou Moumouni a Yamai, Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, André Salifou a Damagaram, Djibo Hamani a Tawa: kayan awon nan ba su fi ƙarfinmu ba. A 2010 masu bincike a Ostareliya sun nuna cewa farantin wasan yara na kamfanin Nintendo yana auna tangaɗi kusan daidai da na ɗakin bincike mai tsada. Wayoyin da ke aljihunmu ma suna da ma'aunin motsi. Ɗalibin likita da ɗalibin kwamfuta za su iya haɗuwa su auna ƴan kabu-kabu da suka yarda, ba tare da rubuta sunan kowa ba, mu samu lambobinmu na gida, a kan ƙwayoyin da ke kasuwarmu, cikin zafinmu.

Ga hukuma, da OCRTIS da masu kula da kiyaye haɗurran hanya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya, wato mu da ƙannenmu. Muna neman a bi manyan masu shigo da kwalaye, a horar da jami'an hanya yadda za su gane wanda bai kamata ya yi tuƙi ba ba tare da cin mutunci ko karɓar na goro ba, kuma a samar da wurin da yaron da ke son bari zai je a taimake shi. Wanda ya daɗe yana shan tiramol ko diyazefam, in ya yanke rana ɗaya jikinsa zai rikice, na diyazefam ma har farfaɗiya. Ragewa ake yi sannu a hankali a hannun likita.

Ƙanena yanzu yana sayar da katin waya a bakin kasuwa. Na gaya masa zan yi maganarsa a nan, ya ce in yi, amma in ƙara da cewa ranar da ya faɗo ƙwaya biyu kawai ya sha, kamar kullum. Na isar da saƙonsa.

Allah ya tsare mu, ya shirya mana ƙannenmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Mai tambaya ko gyara, ga fili, musamman ma'aikatan lafiya da ke cikinmu.